A Samar wa Malamanmu Kayan Koyar da Tarihin Baƙaƙen Fatar Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ɓangare na darasin tarihi da aka bari a baya, wato tarihin baƙaƙen fatar Amurka, da kuma kayan da malami zai riƙe a hannunsa idan ya tashi koyar da shi. Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare, kuma abin da zan faɗa ya fito ne daga abin da nake gani a aji da abin da muke tattaunawa da abokan aiki.

Kowa ya san cewa an shafe fiye da shekara goma ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai cin gashin kansa a makarantun firamare da ƙananan sakandare na Najeriya, kafin gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi a 2022. Mun yi murna da wannan mataki, amma dawo da darasi a takarda daban, sanya wa malami abin koyarwa a hannu daban. Idan aka zo kan cinikin bayi ta Tekun Atlantika, abin da galibin littattafan da ke hannunmu suke yi shi ne su raka bayin har bakin teku, su nuna hoton jirgin ruwa da aka jera mutane a cikinsa, daga nan sai su juyo gida su ci gaba da labarin zuwan Turawan mulkin mallaka. Ɗalibi yakan tashi daga aji bai san abin da ya sami mutanen nan bayan an sauke su ba, bai san yadda suka rayu ba, bai san yadda jikokinsu suka yi gwagwarmaya har suka ƙwaci 'yancinsu ba. Abin da ya rage masa na sanin baƙar fatar Amurka shi ne mawaƙa da 'yan ƙwallo da abin da ya gani a fim, alhali kuwa labarin ya shafe mu kai tsaye, domin a cikin waɗanda aka kwashe akwai mutanen yankinmu, kuma wasunsu sun bar rubutu da hannunsu.

Ra'ayina shi ne a gina wannan darasi a kan maganar waɗanda abin ya faru a kansu, a fara kuma da 'yan Afirka ta Yamma da suka rubuta labarinsu da kansu. Kayan suna nan, da yawansu kyauta ne, sai dai suna cikin Turanci da Larabci, a warwatse a shafukan intanet na Amurka, inda malamin da ke koyarwa a Ringim ko Tasawa ba zai kai gare su cikin sauƙi ba.

Babban misali shi ne Umaru ɗan Sa'idu, wanda Amurkawa ke rubuta sunansa Omar ibn Said. Mutumin Futa Toro ne, a bakin kogin Senegal, an haife shi wajen 1770, kuma bisa ga abin da ya faɗa da kansa ya shekara 25 yana neman ilimi kafin a kama shi a yaƙi. A 1807 aka sauke shi a tashar jiragen ruwa ta Charleston bayan tafiyar wata ɗaya da rabi a teku. Ya gudu daga hannun ubangidansa na farko saboda azaba, aka kama shi a garin Fayetteville na jihar Karolina ta Arewa aka kulle, inda ya riƙa rubutun Larabci a bangon kurkuku har mutanen gari suka riƙa zuwa kallo. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a cikin shafuka kimanin 15, kuma ya rasu yana cikin bauta, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya mallaki wannan rubutu a 2017, ya kuma ɗora hotunan shafukansa a intanet a 2019, ta yadda duk mai waya zai iya saukewa ba tare da biyan ko kwabo ba.

Na taɓa buga shafin farko na wannan rubutu a shagon kwamfuta na kai aji, na miƙa wa ɗalibai ba tare da na gaya musu ko mene ne ba. Takardar tana zagayawa daga benci zuwa benci har ta isa hannun wani yaro da ba ya yawan magana a aji saboda Turanci na ba shi wahala, amma ya yi nisa a makarantar allo. Ya duba, ya sa yatsa a kan layin farko, sai ya fara karantawa a bayyane, domin Suratul Mulki ce, Tabara ɗin nan da suke biyawa da daddare. Ya nuna wa na kusa da shi cewa ɗigon fa'un a ƙasa yake, na ƙaf kuma guda ɗaya ne a sama, irin rubutun da malaminsu ke yi musu a allo. Da na gaya musu cewa wani bawa ne ya rubuta wannan a Amurka shekaru kusan 200 da suka wuce, tambayoyin da suka biyo baya sun cinye sauran lokacin darasin. Me ya sa mutumin da wani ke iƙirarin ya mallake shi zai buɗe labarinsa da surar da ke cewa mulki a hannun Allah yake? Me ya sa a cikin rubutun yake yabon gidan da ke riƙe da shi, kuma wa yake tsammanin zai karanta? Me ya sa yake ba da haƙuri cewa ya manta da yawa daga harshensa da kuma Larabci? Irin waɗannan tambayoyi su ne asalin aikin masanin tarihi, kuma yara sun iya yin su idan aka ba su takarda ta gaskiya.

A nan akwai abin da bai kamata malami ya ɓoye ba. Umaru ya shiga cocin iyayen gidansa, an kuma yi masa baftisma, kuma har yau masana suna da saɓani a kan ko ya bar Musulunci da zuciyarsa ko kuwa ya yi abin da halin bauta ya tilasta masa. A ajin da ke da Musulmi da Kirista, hanyar da ta dace ita ce a shimfiɗa wa ɗalibai abin da mutumin ya rubuta, a gaya musu halin da yake ciki lokacin da ya rubuta, a bar su su auna, ba tare da malami ya mai da darasin fagen jayayyar addini ba.

Umaru ba shi kaɗai ba ne. Akwai Ayuba Sulaiman Jallo, Bafulatanin Bundu da ke gabashin Senegal a yau, wanda aka kai gonar taba a Maryland, ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci, wasiƙar ta faɗa hannun wasu manya a Landan, ta zama sanadin fansarsa har ya koma gida a 1734. Akwai Muhammadu Gardo Baquaqua, ɗan garin Djougou da ke arewacin Jamhuriyar Benin a yau, a kan tsohuwar hanyar fataken goro zuwa Gwanja, wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An kai shi Birazil, ya tsere daga jirgin ubangidansa a New York a 1847, aka buga labarinsa a Detroit a 1854. Amma wanda nake ganin ya fi kusa da ɗalibanmu shi ne Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Barno, ɗan Barka Gana, ɗaya daga cikin manyan mayaƙan Shehu Laminu. Yana yaro aka sace shi, aka ƙetare Sahara da shi zuwa Turabulus, daga nan Santambul, daga nan Rasha, inda ya sami 'yanci, ya zagaya ƙasashen Turai yana koyon harsuna, ya isa nahiyar Amurka a 1860 a matsayin ɗa. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, rundunar baƙaƙen fata, a yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta, bayan yaƙin kuma ya zauna a jihohin kudu yana koyar da 'ya'yan 'yantattun bayi, ya buga tarihin rayuwarsa a Memphis a 1873. Ɗan Barno ya ɗauki bindiga domin 'yanta bayin Amurka, sannan ya ɗauki alli ya koyar da 'ya'yansu, amma da wuya ka sami ɗalibin sakandare a Maiduguri ko Kano da ya taɓa jin sunansa. Littafinsa da na Baquaqua suna cikin tarin labaran bayi da Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill ta ɗora a intanet kyauta.

Kaya na biyu da nake son malamai su sani shi ne rumbun bayanai na SlaveVoyages, wanda masana suka shafe shekaru suna tattarawa daga takardun tashoshin jiragen ruwa da na 'yan kasuwa. Yana ɗauke da bayanin tafiye-tafiyen jiragen bayi fiye da 36,000, da sunan jirgi, da inda ya yi lodi, da inda ya sauke, da adadin waɗanda suka mutu a hanya idan an rubuta. Ƙiyasinsa shi ne an ɗora mutum kimanin miliyan 12 da rabi a jirage, kimanin miliyan 10 da dubu 700 ne suka isa da rai. Abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne waɗanda aka kai ƙasar da ta zama Amurka kai tsaye ba su kai 400,000 ba, wato ƙasa da kashi 4 cikin 100, yayin da Birazil ita kaɗai ta karɓi kusan miliyan 5. To amma ƙidayar jama'a ta 1860 ta nuna akwai bayi kusan miliyan 4 a Amurka, duk da cewa an haramta shigo da su daga waje tun 1808. Idan malami ya rubuta waɗannan alƙaluma biyu a allo ya tambayi aji yadda aka yi 400,000 suka zama miliyan 4, ya buɗe ƙofar bayani a kan dokar Virginia ta 1662 wadda ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, da injin gurzar auduga na 1793 wanda ya sa noman auduga ya bunƙasa, da cinikin cikin gida wanda ya kwashe mutum kusan miliyan ɗaya daga jihohi irin su Virginia da Maryland zuwa gandayen auduga da rake na can ƙuryar kudu, ana raba uwa da ɗa, miji da mata. A rumbun akwai kuma jerin sunayen mutum fiye da 90,000 da aka kuɓutar daga jiragen bayi, yawancinsu aka rubuta su a kotunan Saliyo da Kyuba, da shekarunsu da tsayinsu, kuma ɗalibi zai ci karo da sunayen Musulmi a ciki duk da yadda magatakardan Turawa suka karkata rubutunsu.

Na uku shi ne hirarrakin da gwamnatin Amurka ta sa aka yi da tsofaffin bayi tsakanin 1936 da 1938, lokacin da aka ɗauki marubuta marasa aikin yi aka tura su gida-gida. An tara labarai fiye da 2,300 da hotuna kimanin 500, duk suna Ɗakin Karatu na Majalisar Dokoki. A cikinsu ne za a ji abin da littafin makaranta ba ya faɗa: abincin da ake ba yara, suturar da ake rabawa sau ɗaya ko biyu a shekara, yadda ake ɗaura aure, ranar da aka sayar da uwar mutum yana kallo, ranar da aka tara su aka ce musu sun zama 'ya'ya. Sai dai wajibi ne a yi wa malami gargaɗi game da su. Masu ba da labarin tsofaffi ne tukuf, yawancinsu yara ne ƙanana lokacin da aka soke bauta a 1865, masu yi musu tambaya kuma galibi fararen fata ne, a zamanin da baƙar fata a kudancin Amurka zai iya rasa ransa saboda kalma ɗaya. Saboda haka idan aka ga tsohuwa tana yabon uwargijiyarta, ya kamata ɗalibi ya tambayi kansa wa ke zaune a gabanta da alƙalami. Wannan darasi ne da zai yi wa yaro amfani har a wajen tantance labaran da yake gani a Facebook.

Zan so in daɗe a kan wani batu da nake jin wasu abokan aikina za su so a tsallake. Ba zai yiwu mu koyar da bautar Amurka da gaskiya ba alhali muna rufe ido ga wadda aka yi a ƙasarmu. Yaran da muke koyarwa suna da kaifin hankali, kuma da zarar sun ji labarin Nicholas Said za su lura cewa ba Bature ne ya sace shi ba, kuma ba ta teku aka fara fitar da shi ba. Za su lura cewa shi kansa Ayuba Jallo ya je bakin kogin Gambiya ne domin ya sayar da bayi lokacin da aka kama shi. Kalmomin rinji da cucanawa da murgu da fansa suna cikin harshenmu ne saboda abin da suke nufi ya wanzu a garuruwanmu. Turawan mulki sun yi shelar cewa duk yaron da aka haifa daga watan Afrilun 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Najeriya, a Nijar kuwa sai a 2003 aka mai da ita laifin da ke da hukunci a kundin dokoki. Idan malami ya yi shiru a kan wannan, ɗalibi zai fahimci cewa tarihi hanya ce ta zargin wasu da wanke kai, kuma wannan fahimta ta fi rashin sanin tarihin illa.

Kwatantawar tana da amfani matuƙar an yi ta da adalci. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta a 1838 ya zama babban mai fafutukar soke ta, ya ba da labarin yadda ya yi yarjejeniya da ubangidansa a Baltimore cewa zai nemi aiki da kansa a wurin gyaran jiragen ruwa, ya riƙa kawo masa dala 3 duk mako. Duk wanda ya san ma'anar murgu, wato kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa domin a bar shi ya yi wa kansa aiki, zai gane wannan tsari nan take. Akwai kuma bambance-bambance na gaske da ya kamata a bayyana. A Amurka an ɗaure bauta da launin fata, ta yadda ko bayan an 'yanta mutum fatarsa tana ci gaba da zama hujja a kansa, kuma ɗan da ubangida ya haifa da baiwarsa bawa ne da za a iya sayarwa, alhali a shari'ar da aka bi a ƙasar Hausa irin wannan ɗa ɗa ne mai gado, har sarakuna da dama ta haka aka haife su. Tun a 1615 Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta cewa baƙar fata ba dalilin bautarwa ba ce, ya kuma ambaci mutanen Kano da Katsina da Barno cikin waɗanda bai halatta a bautar ba. Amma waɗannan bambance-bambance ba su share hawayen yarinyar da mahara suka ɗauke daga gonar iyayenta ba, kuma bai kamata a yi amfani da su a rage nauyin abin da ya faru ba. Mu ma muna da shaidu namu da za a ajiye kusa da na Amurka. Akwai labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka bautar, ya sami 'yanci, ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, ya kuma ba da labarinsa da Hausa aka rubuta. Akwai labarin Baba ta Karo, wadda ta yi bayanin rinjin gidansu da hare-haren kama mutane a ƙasar Zazzau, aka buga a 1954. Ina jaddada cewa wannan ɓangare yana buƙatar malami mai hankali, domin a cikin ajinsa akwai jikokin ɓangarorin biyu, kuma ba a yarda wani yaro ya fita daga darasi da sabon sunan tsokana ba.

Kada kuma a tsaya a kan bauta, domin tarihin waɗannan mutane ya wuce ta. Bayan shelar 'yantarwa ta Abraham Lincoln a 1863 da gyara na 13 ga tsarin mulki a 1865, jihohin kudu sun kafa dokokin wariya waɗanda Kotun Ƙoli ta amince da su a 1896, ba ta soke su a makarantu ba sai a 1954. Tsakanin lokacin yaƙin duniya na ɗaya da 1970, baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 sun yi ƙaura daga kudu zuwa biranen arewa da yamma. A birnin Montgomery, bayan an kama Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a motar bas, a watan Disamban 1955, talakawa masu aikatau da leburori sun ƙaurace wa motocin bas har kwana 381, suna tafiya aiki a ƙasa, limaman coci irin su Martin Luther King suna jagoranta. Daga nan aka kai ga dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 da ta 'yancin zaɓe ta 1965. Hotunan wannan zamani suna da yawa a gidan tarihin baƙaƙen fata na ƙasa da aka buɗe a Washinton a 2016, wanda ke da sashe na musamman domin malamai a shafinsa na intanet. Hoto guda da nake ganin ya isa darasi sukutum shi ne na Ruby Bridges, yarinya 'yar shekara 6, jami'an tsaron tarayya suna raka ta makarantar firamare ta fararen fata a New Orleans ranar 14 ga Nuwamban 1960 saboda taron mutanen da ke yi mata ihu a ƙofa. Kwana biyu bayan haka, Martin Luther King yana Legas wajen bikin rantsar da Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna Janar. Shi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk sun yi karatu a Jami'ar Lincoln, ɗaya daga cikin jami'o'in da aka kafa domin baƙaƙen fata, W. E. B. Du Bois, masani ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka, kuma a Akra ya rasu a 1963, Malcolm X, wani jagoran gwagwarmayar, ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan a 1964. Idan aka jera wa ɗalibi waɗannan ranaku zai ga da idonsa cewa neman mulkin kai a Afirka da neman 'yanci a Amurka sun tafi kafaɗa da kafaɗa.

Wani zai ce yaran da ba su gama sanin tarihin Bayajida da na Shehu Usmanu ba, ina su ina tarihin Amurka. Na yarda cewa namu ne farko, kuma ba na neman a rage masa ko minti ɗaya. Abin da nake nema darussa ne kaɗan a cikin zangon da ake koyar da cinikin bayi da kuma wanda ake koyar da neman mulkin kai, domin a nan ne labaran suka haɗu da ma.

Matsalar da ta rage ita ce ta isar da kayan. Yawancin makarantun gwamnati ba su da lantarki a ajujuwa, balle intanet, ɗalibai sun yi yawa, kuɗin data kuma daga aljihun malami yake fita. Shirye-shiryen darasi da Amurkawa suka tsara an yi su ne domin yaran da suka san taswirar ƙasarsu kuma kowannensu yana da kwamfuta a gabansa, saboda haka ba za a kwaso su a juye mana yadda suke ba. Ga shi kuma a can ɗin ma ana ta ja-in-ja a kan abin da za a koyar, kamar yadda aka gani a 2023 lokacin da jihar Florida ta ƙi amincewa da wani kwas na nazarin baƙaƙen fata a makarantun sakandarenta, wanda hakan ya ƙara nuna mini cewa dogaro da rubutun asali ya fi dogaro da littafin da wani ya tace. Abin da muke buƙata ƙaramin kundi ne, wanda bai wuce shafi 60 ko 80 ba, mai ɗauke da zaɓaɓɓun sassa daga labaran Umaru da Baquaqua da Nicholas Said da Douglass, Hausa a shafi ɗaya, Turanci ko Faransanci a shafin da ke kallonsa, da hoton rubutun Larabcin, da taswira biyu ko uku da za su fito sarai ko an yi musu kwafi baƙi da fari, da tambayoyin tattaunawa, da ɗan jagora ga malami. Waɗannan littattafai na ƙarni na 19 sun daɗe da fita daga ƙarƙashin haƙƙin mallaka, don haka babu wanda za a biya kafin a fassara su. Kuma an taɓa yin irin wannan aiki, tunda UNESCO ta sa an fassara sassan babban tarihin Afirka da ta wallafa zuwa Hausa da Fulatanci da Swahili.

Muna da waɗanda za su iya. Sassan tarihi da na Hausa da na Larabci a Jami'ar Bayero, da Jami'ar Ahmadu Bello, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Maiduguri, da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, suna yaye ɗalibai duk shekara waɗanda ke neman batun da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, kuma fassara babi guda na littafin Nicholas Said tare da sharhi aiki ne da ya cancanci digiri. Gidan Arewa da ke Kaduna zai iya haɗa masanan wuri guda, hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta duba ta amince, kwalejojin ilimi kuma su sanya shi cikin horon malaman tarihi. Gidajen rediyo, waɗanda har yanzu su ne suka fi isa ƙauyuka, za su iya karanta labaran kashi-kashi. Mutumin da ya assasa wannan fage a Amurka, Carter G. Woodson, ɗan 'yantattun bayi ne da ya yi aikin haƙar kwal kafin ya sami digirin digirgir a Harvard a 1912. Da ya ga littattafan makaranta sun shafe mutanensa, sai ya kafa ƙungiya a 1915, ya ware mako guda a watan Fabrairu daga 1926, ya riƙa buga ƙananan takardu da hotuna yana aika wa malamai, har makon ya zama wata guda a hukumance a 1976. Da malaman makaranta ya fara, kuma da kayan da suka fi wanda nake nema ƙanƙanta.

Daga ƙarshe, Malam Edita, ina da roƙo gare ka kai tsaye. Jaridarka tana shiga ɗakunan malamai da yawa, kuma shafin jarida abu ne da malami zai yanke ko ya buga ya manna a allo. Ina roƙon ka ware shafi guda a kowane mako na watan Fabrairu, ko kuma a makon 23 ga Agusta, ranar da UNESCO ta keɓe domin tunawa da cinikin bayi da soke shi, a buga fassarar wani sashe na ɗaya daga cikin waɗannan labarai tare da hotonsa da tambayoyi uku ko huɗu. Idan ka amince, a shirye nake in aiko da fassarar shafukan farko na rubutun Umaru ɗan Sa'idu domin malaman Larabci su duba kafin a buga, ina kuma kira ga 'yan'uwana malaman tarihi na Barno su ɗauki nauyin na Nicholas Said.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani malamin tarihi,
Zariya.